Yadda Za Mu Zaɓi Manhajar Haɗa Hotuna Su Zama Bidiyo Mai Tafiya Sumul

Darasinmu na wannan fitowar a kan haɗa hotuna ne su zama bidiyo, irin wanda ake haskawa ranar ba da kyaututtuka, ko ranar yaye 'yan aji uku, ko bayan gasar wasanni ta gidaje. A irin waɗannan ranaku ana ɗaukar hotuna masu yawa, amma sai su ƙare a wayoyin mutane daban-daban, wasu ma su goge. Idan aka haɗa su wuri ɗaya aka sa musu sauti, sun zama tarihin makaranta da za a iya nuna wa 'yan baya.

Da zarar an ce a haɗa, gardama ta tashi. Wannan ya ce CapCut, wancan ya ce KineMaster, wani ya ce ai yayansa da InShot yake yi. Kowa yana yabon wadda ya saba da ita. Abin da nake so mu koya yau shi ne yadda za mu gwada kowace manhaja da kanmu, mu ga ko za ta iya aikin da muke so a kan wayar ko kwamfutar da muke da ita. Ranar taro sau ɗaya take zuwa a shekara. Idan bidiyo ya riƙa maƙalewa a gaban iyaye da baƙi, ko ya yanke kan shugaban makaranta, babu damar gyarawa a wurin.

1. Yaya hoto yake motsi?

Bidiyo hotuna ne da yawa da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri. Kowane ɗaya ana kiransa firem. Wanda ya taɓa zana ɗan mutum a kusurwar shafukan littafinsa, yana ɗan canza masa ƙafa a kowane shafi, sannan ya saki shafukan da babban yatsa, ya ga yadda abin yake. Finafinan silima suna nuna firem 24 a daƙiƙa ɗaya. Talabijin irin ta ƙasarmu tana nuna 25. Yawancin wayoyi suna ɗaukar 30.

To hoton da aka ɗauka guda ɗaya ne, ba ya motsi. Manhajar ce take motsa idon mai kallo a kansa. Tana iya kusanto da fuskar wani a hankali, ko ta ja baya har a ga dukan aji, ko ta bi layin ɗalibai daga hagu zuwa dama. Ana kiran wannan dabara da sunan Ken Burns, wani mai shirya finafinan tarihi a Amurka. A shekarar 1990 ya fitar da shiri a kan yaƙin basasar ƙasarsu, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. A zamanin yaƙin babu kyamarar ɗaukar hoto mai motsi, sai tsofaffin hotuna. Sai ya riƙa tafiya da kyamara a hankali a kan hotunan, yana tsayawa a kan fuskokin sojoji. Wasu sun riga shi yin haka, amma shi ya yi suna da ita. A 2003 kamfanin Apple ya sa dabarar a manhajarsa ta iMovie da sunan mutumin.

Ga ɗan lissafi. Idan hoto zai tsaya daƙiƙa 5 a bidiyo mai firem 25, manhajar za ta yi firem 125 daga wannan hoto guda. Idan muka ce ta ƙara masa girma da kashi 10 cikin ɗari, kowane firem zai fi na bayansa da abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Ido ba ya ganin wannan ɗan bambanci, sai dai ya ga hoton yana tahowa sumul. Amma idan muka ce ta ninka girmansa cikin daƙiƙa ɗaya, kowane firem zai yi babban tsalle, mai kallo kuwa ya ji kamar an fizge shi. Saboda haka rabin santsin motsi yana hannun mai haɗawa, rabi yana hannun manhaja.

2. Tambayoyi biyu kafin a sauke komai

Tambaya ta farko, da me za mu yi aikin? Da wayar malamin da yake kula da kulob, ko da wayar gida, ko da kwamfutar ɗakin kwamfuta? A duba ƙarfin ram ɗinta da wurin ajiyar da ya rage. Wayar da take da ram gigabait 2 kuma ta cika da hotuna za ta sha wuya da manhaja mai nauyi, komai kyan manhajar. Daidai ruwa daidai tsaki.

Tambaya ta biyu, a ina za a kalla? Idan da majigi za a haska a bango, ko a talabijin, bidiyon a kwance zai kasance, wato faɗi 16 tsawo 9. Idan a waya za a kalla, kamar a sitatus, a tsaye zai kasance, faɗi 9 tsawo 16. Dole a yanke wannan tun farko. Wanda ya haɗa a tsaye sannan aka haska a majigi zai ga ɗan siririn hoto a tsakiya, da baƙin fili dama da hagu. Wasu manhajojin waya suna ɗaukar siffar hoton farko da aka saka su mayar da ita ta dukan bidiyon, don haka a duba wannan kafin a ci gaba.

3. Abubuwa shida da za a duba a manhaja

Na ɗaya, tana ba ka damar sa zango? Masu harkar suna kiran wannan kifirem, ni kuwa zan kira shi zango, domin kamar zangon tafiya yake. Kana gaya wa manhaja cewa a farkon hoto ga inda nake so a fara, a ƙarshensa ga inda nake so a tsaya. Ita kuma ta cike duk firem ɗin da suke tsakani. A manhajoji da yawa alamarsa ɗan daimon ne kusa da layin aiki. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci. Manhajar da ba ta da shi motsin da aka riga aka tsara kawai za ta ba ka. Tana iya kusanto da tsakiyar hoto, alhali tsakiyar bango ce ko ƙafar tebur, wanda ya ci kyautar kuma yana gefe.

Na biyu, motsin yana tashi a hankali ya tsaya a hankali? Ku tuna da direbobin a daidaita sahu guda biyu. Ɗaya yana tashi da fizga ya taka burki kwatsam, fasinjoji su yi gaba su yi baya. Ɗayan yana tashi sannu sannu, ya ƙara gudu, ya rage kafin ya tsaya. Manhaja mai kyau tana da zaɓin da zai sa hoto ya yi irin tafiyar direba na biyu. Sau da yawa ana nuna zaɓin da hoton layi mai lanƙwasa. Idan layin a miƙe yake, gudun iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Idan ya lanƙwashe a bakinsa biyu, tashi da tsayawa za su yi laushi.

Na uku, za ka iya sa wa dukan hotuna tsawon lokaci ɗaya a taɓawa ɗaya? Bidiyon minti 3 daƙiƙa 180 ne. Idan kowane hoto zai ɗauki daƙiƙa 5, hotuna 36 ke nan. Gyara su ɗaya bayan ɗaya zai cinye lokaci da caji. A nemi maɓallin da yake yi wa duka a lokaci guda. Haka nan a duba ko za a iya kwafe motsin wani hoto a liƙa wa wani.

Na huɗu, tana liƙa tambarinta a jikin bidiyo? Wasu manhajojin kyauta ne, amma sai an gama aiki an zo fitarwa a ga sunan kamfani a kusurwa, ko a ce sai an biya kafin a fitar domin an yi amfani da wani ado na kuɗi. Gara a san haka tun ranar farko.

Na biyar, tana aiki ba intanet? Wasu ba sa buɗewa sai da data, wasu kuma duk adon da ka taɓa sai sun sauko da shi. Kulob ɗin da kuɗinsa na karo-karo ne ba zai iya sayen data kullum ba.

Na shida, tana barin ka zaɓi yadda za ta fitar da bidiyo? Ya kamata ka iya zaɓar girma, 720 ko 1080, da yawan firem, 25 ko 30, kuma ta fitar da shi a MP4. Kuma ta riƙa ajiye aiki da kanta, don ko an ɗauke wuta ko caji ya ƙare kada a koma farko.

4. Manhajojin da aka fi sani

A waya, CapCut ta kamfanin ByteDance ce, masu TikTok. Tana da zango da layin lanƙwasa, kuma tana da sauƙin koyo. Sai dai tana da nauyi, kuma wasu kayanta na masu biya ne, an sa musu alamar Pro. KineMaster ta wani kamfani ce a Koriya ta Kudu. Ta daɗe a hannun mutane, tana kuma da wurin nuna inda motsi zai fara da inda zai ƙare a kowane hoto, amma ta kyautar tana sa tambari. InShot ta fi sauƙi ga mai farawa, tana da talla. VN tana da zango, kuma an san ta da rashin sa tambari a jikin bidiyo. Mai iPhone yana da iMovie kyauta, da dabarar Ken Burns a ciki.

A kwamfuta akwai guda uku da suke kyauta gaba ɗaya, wato Shotcut da Kdenlive da OpenShot. Masu sa kai ne suke gina su. Ba sa sa tambari, ba su da talla, kuma idan an sauke su sau ɗaya ba sa buƙatar intanet. Ana iya sauke ɗaya a sa a filash, a zuba wa duk kwamfutocin makaranta, kuma doka ta yarda da haka. OpenShot ta fi sauƙi. Shotcut tana da wurin da za ka zaɓi tarin hotuna ta jera su da kanta, da ɗan motsi da sauyi a tsakaninsu. Sababbin fitowar Shotcut da Kdenlive suna son Windows 10 ko abin da ya fi shi.

Clipchamp tana zuwa tare da Windows 11. Kamfanin Microsoft ya saye ta a 2021. Tana da sauƙi, amma ta dogara da intanet. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design ce da ke Ostareliya, har manyan masu finafinai suna aiki da ita, kuma tana da ta kyauta. Amma masu ita sun ce tana son ram gigabait 16. Idan kwamfutar ɗakinmu mai 4 ce, kada mu wahalar da kanmu.

Wasu malamanmu za su tuna da Windows Movie Maker. Microsoft ya daina ba da ita tun watan Janairu na 2017. Akwai shafuka na bogi da suke ba da wata da sunanta, don haka a yi hattara. Kada kuma mu raina PowerPoint da muke koya a darasin kwamfuta. Tun daga fitowar 2010 tana iya mayar da shafukanta bidiyo. Idan ita kaɗai ke akwai, za ta fitar da mu kunya.

Kamfanoni suna canza tsarinsu. Abin da yake kyauta bana yana iya zama na kuɗi baɗi. Shi ya sa gwaji ya fi bin maganar wani.

Sai gargaɗi guda. Akwai manhajojin da wasu suka fasa suka cire musu tambari, ana turawa ta Xender ko a guruf. Ba daga kamfanin suka fito ba, kuma ba a san abin da aka cusa a ciki ba. Wayar malami ko ta mahaifiya tana da lambobin mutane da manhajar banki. Bai kamata a jefa ta cikin haɗari saboda ɗan tambari ba. A sauke daga Play Store ko App Store ko shafin masu manhajar na ainihi, kuma da izinin mai wayar.

5. Hoto ma yana da nasa laifin

Wani lokaci ana zagin manhaja alhali hoton ne bai da kyau. Kowane hoto ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsawo. Bidiyon 1080 kuwa faɗinsa 1920 ne. Idan muka raba 4000 da 1920 za mu sami 2 da ɗan kaɗan. Ma'ana ana iya ninka girman wannan hoto sau biyu bai dushe ba.

Amma idan an turo hoton ta WhatsApp yadda aka saba, ana matse shi a hanya, sau da yawa faɗinsa ya koma kusan 1600. Tun kafin a kusanto da shi ma bai kai 1920 ba. Idan aka ƙara masa girma sai fuskoki su yi hazo. Maganin shi ne a roƙi masu hotuna su turo su a matsayin dokumen, ko a karɓa ta waya da kebul, ko ta Xender, ko ta filash. Idan babu yadda za a yi sai da matsattsun hotuna, a yi bidiyon a 720, wanda faɗinsa 1280 ne, kuma a rage kusantowa.

Akwai kuma batun siffa. Hoton 4000 da 3000 bai yi daidai da allon 16 da 9 ba. Don ya cika allon, tsawon 2250 kawai ake buƙata, wato za a yanke 750, kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Idan aka bar manhaja ta yanke da kanta, rabi za ta cire a sama rabi a ƙasa, kuma a nan ne kawunan 'yan layin baya suke tafiya. Hoton da aka ɗauka a tsaye ya fi wannan matsala, domin fiye da rabinsa ne zai fita. Ana gyara shi ta hanyar sa zango a ƙasa da wani a sama, hoton ya riƙa hawa a hankali har ya tsaya a fuska. Ko kuma a bar shi cikakke a tsakiya, a cike gefensa da launi ko da dusasshen kwafinsa. Saboda haka a duba ko manhajar tana iya yin waɗannan biyun.

6. Gwajin hotuna biyar

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga gwajin da ba zai wuce rabin awa ba ga kowace manhaja. A zaɓi hotuna biyar: na dukan aji a kwance, na mutum ɗaya a tsaye, na wasan gudu ko ƙwallo, na cikin aji mai ɗan duhu, da wanda aka turo ta WhatsApp.

Mataki na 1. A buɗe sabon aiki, a zaɓi siffar 16 da 9.

Mataki na 2. A saka hotunan, a ba kowanne daƙiƙa 5.

Mataki na 3. A hoton aji, a bi layin ɗalibai daga hagu zuwa dama. A hoton tsaye, a hau daga ƙasa zuwa fuska. A sauran ukun, a kusanto da kashi 10 cikin ɗari.

Mataki na 4. A sa sauyi mai narkewa tsakanin hotuna, wanda ɗaya yake dushewa ɗayan yana bayyana, na daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka.

Mataki na 5. A rubuta sunan makaranta da jumla ɗaya ta Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Wasu salon rubutu ba su san haruffanmu masu ƙugiya ba, sai su nuna ɗan akwati a madadinsu. Idan haka ta faru a canza salon rubutun.

Mataki na 6. A kashe data, a ga ko aikin zai ci gaba.

Mataki na 7. A fitar da bidiyon, a duba agogo a ga minti nawa ya ɗauka.

Mataki na 8. A kai shi inda za a haska ranar taro, a kunna shi a kan ainihin kwamfutar da majigin, a koma kujerar baya a kalla.

Wannan mataki na ƙarshe ya fi kowanne. Lokacin da ake cikin haɗawa, waya mai ƙaramin ƙarfi tana iya nuna motsin yana tsinkewa, amma idan an fitar ya fito lafiya. Wani lokacin kuma ya yi kyau a waya, ya ƙi buɗewa a tsohuwar kwamfuta. Don haka ba a yanke hukunci sai an ga bidiyon da aka fitar.

Bayan haka a ba kowace manhaja maki ɗaya a kan kowane abu daga cikin shidan nan da muka lissafa. Wadda ta fi maki ita ce tamu, ko da ba ita ce ake yayi ba.

7. Fitar da bidiyo

Idan an zo fitarwa za a ga zaɓi kamar 720 da 1080 da 4K. Majigin makaranta da wayoyinmu ba sa buƙatar 4K, zai cika waya ne kawai ya sa ta zafi. A zaɓi 1080 idan hotunan na ainihi ne, 720 idan matsattsu ne ko wayar ba ta da ƙarfi. A yawan firem a zaɓi 30, ko 25, kuma ya zama daidai da wanda aka fara aikin da shi. Idan an ga zaɓi tsakanin H.264 da H.265, a ɗauki H.264, domin kusan kowace na'ura tana buɗe shi, tsofaffi kuwa wasu ba sa gane ɗayan.

Ana iya lissafa nauyin bidiyo tun kafin a fitar. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080, da megabit 5 ga na 720. Megabit 8 daidai yake da megabait 1. Ke nan bidiyon minti 3 a 1080 zai kai kusan megabait 180, a 720 kuwa kusan 113. Yanzu mun san datar da za mu tanada idan za a tura wa iyaye. Idan an tura ta WhatsApp shi ma za a matse shi, don haka wanda za a haska a ɗauke shi a filash. A yi kwafi biyu a hannun mutum biyu.

8. Ladubban motsi

Manhaja tana iya ba ka sauyi ɗari, wani yana juyawa kamar fanka, wani yana fashewa kamar gilashi. Ba dole ne a yi amfani da su duka ba. Iyaye fuskar 'ya'yansu suka zo gani. Ga ƙa'idoji huɗu masu sauƙi. Hoto ɗaya, motsi ɗaya. Motsin ya ƙare a kan abin da ake so a gani, kamar fuska ko kofi ko takardar shaida. Hoton mutane da yawa a ba shi lokaci fiye da na mutum ɗaya, daƙiƙa 7 ko 8, don kowa ya nemo nasa. Kuma a riƙa sauya motsi, wannan ya kusanto, na gaba ya ja baya, don kada ido ya gaji.

Game da sauti, waƙoƙin da muke ji a rediyo suna da masu su. Idan aka sa su aka ɗora a YouTube ko Facebook, ana iya kashe sautin ko a toshe bidiyon. Ya fi kyau ɗaya daga cikinmu ya karanta bayanin hotunan da muryarsa, ko a ɗauki taken makaranta daga bakin 'yan'uwanmu. A ɗauka a ɗaki shiru, a kashe fanka, a nisanci janareta.

9. Hotunan nan amana ne

Wannan ya shafi zaɓin manhaja kai tsaye. Wasu manhajoji da shafukan intanet ba a cikin wayarka suke aikin ba, sai sun kwashi hotunan sun kai kwamfutocin kamfaninsu. Hotunan yara ne 'yan'uwanmu. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake amfani da bayanan yaro. Saboda haka manhajar da take aiki ba intanet ta fi kwanciyar hankali. Kada a ɗora komai a waje sai shugaban makaranta ya gani ya amince. Kada a sa hoton da zai kunyata wani, kamar wanda ya faɗi a wasan gudu ko wadda take kuka. Duk wanda ya ce ba ya so a sa shi, a cire shi ba gardama. Idan an gama aiki da wayar aro, a kwashe hotunan a goge.

10. To wacce za mu ɗauka?

A nawa ganin, idan akwai kwamfuta mai aiki a makaranta, mu fara gwada Shotcut ko OpenShot. Babu kuɗi, babu tambari, babu data, kuma hotunanmu suna nan a wurinmu. Allon kwamfuta ma ya fi girma, mutum uku ko huɗu za su iya zama su koya tare. Idan waya kaɗai muke da ita kuma tana da ɗan ƙarfi, mu gwada VN da CapCut, mu kauce wa kayan da aka sa wa alamar kuɗi. Idan wayar ƙarama ce, InShot da bidiyon 720 sun isa. Kowacce aka zaɓa, a fara aiki aƙalla mako biyu kafin taro, kuma kada a canza manhaja a tsakiyar aiki, domin aikin da aka fara a wata ba ya buɗewa a wata.

Aikin gida

1. Bidiyo mai firem 30 a daƙiƙa, hoto ya tsaya daƙiƙa 6. Firem nawa manhaja za ta yi?

2. Ana son bidiyon minti 4, kowane hoto daƙiƙa 5. Hotuna nawa ake buƙata?

3. Hoto mai faɗin ɗigo 1600, sau nawa za a iya ƙara masa girma a bidiyo mai faɗin 1280 kafin ya fara dushewa?

4. Kawo dalilai biyu da suka sa bai kamata a sa fasasshiyar manhaja a wayar iyaye ba.

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a ba wakilin kulob na ajinku. Wanda kuma ya yi gwajin hotuna biyar a gida da izinin iyayensa, ya kawo mana sunan manhajar da irin wayar da makin da ta ci. Za mu liƙa sakamakon a nan a fitowa ta gaba, don 'yan kwamitin bidiyon bana su san da wacce za su fara.

Daga wakiliyar kulob ɗin 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.